Yadda Ake Tantance Tsohuwar Tsakiyar Dzi ta Tibet Kafin a Saya

Dzi, wadda ake furtawa kusan kamar "zi", tsakiya ce ta dutsen aƙiƙ mai siffar ɗan dogon ganga, da kauri a ciki da tsukewa a kai biyu, launinta baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, sannan da farin zane na da'irori da layuka da murabba'i kwance a jikinta. Yawancinta tsawonta tsakanin santimita 2 ne zuwa 6. A harshen Tibet kalmar tana nufin haske ko ƙyalli, Sinawa kuma suna kiranta tiyanju, wato dutsen ado na sama. Mutanen Tibet suna rataya ta a wuya tsakanin jan murjani biyu a matsayin laya, bisa imaninsu cewa tana kare mai ita daga mugun ido da hatsari da ciwon shanyewar jiki, har ma idan ta fashe sukan ce ta tare wata masifa ce da ta nufo mai ita. Wannan imaninsu ne, kuma mai karatu yana da nasa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne dutsen kansa, wanda a can yake shiga kayan aure, ake gadonsa daga uwa zuwa 'ya, ake ba da shi jingina idan gida ya shiga matsi, kuma aka yi wa gunkin Jowo da ke haikalin Jokang a birnin Lasa ado da shi.

Kafin a ɗauki kowane mataki, ya kamata mai saye ya san halin da kasuwar take ciki. Bayan shekarar 1959, lokacin da dubban 'yan Tibet suka yi gudun hijira zuwa Indiya da Nefal, tsofaffin tsakiyoyi da yawa sun fita daga hannun iyalai, domin su ne dukiyar da ake iya ɓoyewa a cikin riga a ƙetare tsauni da ita. Daga baya sha'awarsu ta kama attajiran Taiwan da Hong Kong, musamman bayan hatsarin jirgin sama da aka yi a Nagoya ta Japan ranar 26 ga Afrilu 1994, wanda ya kashe mutum 264, inda labari ya bazu cewa ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira yana sanye da dzi. Masana'antun Taiwan suka duƙufa ƙera sababbi masu kyan gaske a shekarun 1990, sannan na ƙasar Sin suka karɓa suka cika duniya da su. Saboda haka abin da ake shimfiɗawa yau a kasuwar Barko ta Lasa, ko a shagunan da ke kewaye da hasumiyar Buda a Katmandu, ko a intanet, mafi yawansa sabo ne. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, kowace tsakiya sabuwa ce a wurinka har sai ta tsallake duk matakan da ke tafe, ɗaya bayan ɗaya, kuma a jeren da aka kawo su.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girman abu mai ninki 10 irin na masu sayar da zinare, da ƙaramar tocila mai haske fari, da sikelin lantarki mai auna ɗaya bisa ɗari na giram, da kofin ruwa, da siririn zare, da farin ƙyalle da za ka shimfiɗa don kada dutsen ya gangara ya faɗi ƙasa. A yi binciken da rana, kusa da taga. Fitilun shago masu launin ɗorawa suna ɓoye aibi, kuma ba a banza ake kunna su ba.

Mataki na farko shi ne a tabbatar cewa abin dutsen aƙiƙ ne. Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi ƙirga idanu, wato da'irorin da ke jikinta, alhali wani lokaci roba ce ko gilashi suke riƙe da shi. Ɗora tsakiyar a kumatunka ko a leɓenka na sama: aƙiƙ yana da sanyi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, roba kuwa nan take take ɗaukar ɗumin jiki, ga ta ba nauyi. Gilashi yana da sanyi shi ma, don haka sai ka sa gilashin ƙara girma ka nemi 'yan kumfa da suka maƙale a cikinsa, ko wani siririn layi da ya bi tsawon tsakiyar inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Taurin aƙiƙ yana tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin Mos na taurin duwatsu, wato bakin wuƙa ba ya karce shi, amma kada ka gwada wannan a kan kayan da ba naka ba.

Gwajin da ya fi kowanne yanke hukunci a wannan mataki shi ne na nauyi a ruwa, kuma ba ya ɓata komai. Auna tsakiyar a busasshe ka rubuta. Sannan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaure tsakiyar da zare, ka nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba lamba ta farko da ta biyu. Idan, alal misali, ta auna giram 10.4 a busasshe, a ruwa kuma sikelin ya nuna 4.0, amsar ita ce 2.6, wanda shi ne lissafin aƙiƙ. Roba yawanci ba ta kaiwa ko 1.5. Wajibi ne ka girgiza zaren har iskar da ke cikin hudar ta fita, domin kumfa guda da ta maƙale a ciki tana iya rage amsar ta sa ka zargi dutse mai kyau. Wasu nau'o'in gilashi suna kusantar wannan lamba, shi ya sa ake haɗa gwajin da binciken kumfa.

Mataki na biyu shi ne a gane yadda zanen ya hau jikin dutsen, kuma a nan sai an ɗan san sana'ar. Farin zanen dzi ba fenti ba ne. Dabara ce tsohuwa da aka sani tun zamanin biranen kwarin Indus, irin su Harappa da Mohenjo-daro, fiye da shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an tono jajayen tsakiyoyi masu irin wannan farin zane a kaburburan sarakunan Ur a ƙasar Iraƙi. A farkon shekarun 1930 wani masanin tono kayan tarihi, Ernest Mackay, ya tarar da wani dattijo a garin Sehwan na lardin Sind wanda bai manta aikin ba: yana kwaɓa sinadari ɗan'uwan kanwa da ruwan wani tsiro, ya yi zane da alƙalamin kara, ya bar shi ya bushe, sannan ya binne dutsen a garwashi. Zafin yana sa sinadarin ya ci cikin dutsen ya mayar da wurin fari har abada. Baƙin kuwa ana samunsa ne ta hanyar jiƙa dutsen a ruwan sukari ko zuma har ya sha, sannan a ƙona sukarin a cikin ƙananan ƙofofin dutsen ya zama gawayi. Masu sarrafa aƙiƙ na garin Idar-Oberstein a Jamus sun yi amfani da ruwan batir wajen wannan ƙonawa tun ƙarni na 19, kuma irin kayansu ne suka riƙa shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma har suka gauraya da tsakiyoyin da kakanninmu mata suka ajiye.

Da wannan sani sai ka duba zanen. Shafa ɗan yatsa a kai: bai kamata ka ji farin ya ɗago sama da baƙin ba. Nemi inda dutsen ya ɗan ɓantare ka leƙa, za ka ga farin ya nutsa cikin jiki, ba a fata kawai ya tsaya ba. Idan mai kayan ya yarda, goga ɗan auduga mai ruwan goge jan farce a gefe ɗaya; fenti zai biyo audugar, zanen wuta ba zai motsa ba. Sai dai ka sani cewa tsallake wannan mataki bai nuna tsufa ba ko kaɗan, domin sababbin Taiwan da na Sin da wannan dabarar ake yin su, a kan aƙiƙ na gaske. Abin da ka tabbatar kawai shi ne ba wasan yara aka miƙo maka ba.

A nan ne kuma ake raba dzi da 'yan'uwanta. Akwai waɗanda 'yan Tibet suke kira cung dzi, wato ƙaramar dzi, masu layuka kawai da suka zagaye dutsen, wasu na halitta wasu na zane, kuma darajarsu ba ta kai ta mai idanu ba. Akwai baƙin aƙiƙ mai farin ɗamara na halitta da 'yan kasuwar Indiya da Pakistan suke kira sulaimani. Akwai kuma pumtek ta ƙabilar Cin a ƙasar Bama, wadda zanenta yake kama da na dzi amma an yi ta ne da itacen da ya rikiɗe ya zama dutse, kuma gilashin ƙara girma yana nuna jijiyoyin itacen a fili. Duk waɗannan suna iya zama tsofaffi masu daraja a kan kansu, kuskuren shi ne a biya kuɗin wata a karɓi wata.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi dukkan sauran muhimmanci, shi ne binciken huda. Maƙerin jabu yana ɓata lokacinsa a kan fatar tsakiya domin ita mai saye yake kallo, hudar kuwa tana da wuyar yi wa ƙarya. A zamanin da ana huda dutse ne da hannu daga kai biyu, a haɗu a tsakiya, kuma da wuya ramukan biyu su haɗu daidai. Haska tocila ta kai ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ko ka zura siririn tsinke a hankali: a tsohuwar tsakiya sau da yawa za ka ji ɗan tudu ko karkata a inda suka haɗu. Hudar injin zamani kuwa miƙaƙƙiya ce kamar bututu, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma cikinta yakan yi fari-fari da gautsi kamar alli.

Daga nan sai bakin hudar. Tsakiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wuyan mutane, zare yana cin ta a gefe guda saboda nauyinta kullum ƙasa yake ja, don haka bakin yakan sude ya zama kamar ƙwai maimakon cikakkiyar da'ira, wani lokaci har da ɗan kwari inda zaren yake kwanciya. Kan tsakiyar ma yakan sude a karkace saboda gugar maƙwabciyarta ta murjani. Sudewar gaske tana da santsi da sheƙi har cikin ramin, kuma kai biyun ba sa yin daidai da juna. Idan ka ga an faɗaɗa bakin ya yi kamar mazurari, kai biyu iri ɗaya, da 'yan layukan karce masu zagaye a ciki, to dutsen wasa ne ya yi aikin cikin minti biyar. Haka nan idan fatar tsakiya ta yi tsufa tuɓus amma bakin hudarta yana da kaifi har yana cin zare, labarin jikinta da na hudarta sun saɓa, kuma na hudar za ka gaskata.

Mataki na huɗu shi ne fata. Tsohon aƙiƙ da ya sha gwaruwa da wasu duwatsu yana tara 'yan tabo masu siffar jinjirin wata ko kofaton doki, waɗanda ƙananan tsagewa ne da bugu yake haifarwa. A tsohuwar tsakiya girmansu ya bambanta, sun watsu ba tsari, sun fi yawa a ciki mai kauri inda bugu ya fi sauka, kuma gefensu ya sude ya yi laushi domin hannu ya ci gaba da shafar su bayan sun fito. Masu jabu sun san da wannan sarai, suna zuba sababbin tsakiyoyi a ganga mai juyawa, ko su ƙwanƙwasa su da bakin ƙarfe, ko su gasa su sannan su tsoma a ruwan sanyi. Sakamakon yakan yi yawa: jinjirin wata iri ɗaya ya rufe ko'ina har kan da ba ya gwaruwa da komai, gefensa da kaifi, wani lokaci da baƙin man takalmi ko ƙasa da aka cusa a ciki. Sheƙin ma abin dubawa ne. Na tsohuwa mai taushi ne kamar na kakin zuma, na sabuwa kuwa ko dai ya yi walƙiya kamar madubi, ko ya mutu gaba ɗaya saboda an jiƙa ta a wani sinadari mai cin dutse. Idan ka ji maiƙo a hannunka, nemi izini ka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu kafin ka ci gaba, domin mai yana rufe tsaga.

Za a nuna maka 'yan jajayen ɗigo a kan farin zanen, a ce maka jinin dutse ne kuma shaidar tsufa. Tsatsar ƙarfe ce da ke cikin aƙiƙ tun asali, ana samunta a tsoho da sabo, kuma ana iya ƙirƙiro ta. Akwai kuma wasu ƙananan ramuka da ake gani a wasu tsofaffin dzi, inda aka ɓantari ɗan kaɗan da gangan domin masu maganin gargajiya na Tibet suna niƙa shi su zuba a wasu ƙwayoyin maganinsu masu tsada. 'Yan Tibet ba sa ɗaukar wannan a matsayin babban aibi. Amma a duba ko ramin ya sude kamar sauran jikin, domin shi ma yanzu ana sassaƙa shi.

Sai a mataki na biyar ake ƙirga idanu, wato da'irorin da ke jikin dutsen. Mai ido tara ita ce sarauniya a wurin 'yan Tibet, kuma saboda haka ita aka fi yi wa jabu. Akwai mai ido biyu da mai uku, akwai mai zanen haƙorin damisa, da mai furen bado, da mai tulu, da mai da'ira a gefe ɗaya murabba'i a ɗayan wadda ake kira ƙofar sama da ƙasa. Dogayen jadawalin da shaguna suke liƙawa, cewa ido kaza na arziki ne ido kaza na aure, sun bunƙasa ne tare da kasuwar zamani, kuma ba su da amfani wajen tantancewa. Abin da za ka duba shi ne hannun mai zanen. A tsohuwa layin yana da ƙarfi da tabbaci amma kaurinsa yana ɗan canzawa, idanun ba su zama tagwaye ba. Idan mai shago ya fito da guda biyar masu ido tara, duk tsawo ɗaya, zane ɗaya, ka san daga tukunya ɗaya suka fito.

Kafin a zo ga ciniki, a sake haska tocila a bi jikin tsakiyar a nemi gyara. Ana haɗa rabin wata da rabin wata da gam, ana cike gurbi da roba mai launi, ana kuma yanke kan da ya fashe a goge shi. Hular azurfa ko ta zinare da aka rufe kan tsakiya da ita ado ce, amma sau da yawa a ƙarƙashinta ake ɓoye karaya, kuma tana hana ka ganin bakin hudar da muka ce shi ne babban mashaidi. Idan ba za a cire ta ba, sai a yi tayi kamar na mai aibi.

Mataki na shida shi ne takarda da asali. Takardar ɗakin gwajin duwatsu tana tabbatar da cewa abu aƙiƙ ne, ba ta faɗin shekarunsa, kuma gwajin kabon da ake yi wa ƙashi da itace ba ya aiki a kan dutse. Duk wanda ya ce maka na'ura ta nuna tsakiyarsa ta shekara 2,000 daidai, ka tambaye shi wace na'ura ce. Masana suna yin wani bincike na gaske, inda suke ɗura roba mai laushi a hudar su zaro ta, su duba sawun abin hudawar a ƙarƙashin na'urar lantarki mai ƙara girman abu, amma wannan ba aikin kan teburin shago ba ne. Abin da ya fi amfani ga mai saye shi ne tarihin hannu: wa ya mallake ta, yaushe ta fita daga Tibet, akwai tsohon hoto ko rasiɗi ko kundin gwanjo da ya nuna ta. Labarin cewa wani makiyayi ne ya tsince ta a ƙasa yana da tushe a al'adarsu, inda ake cewa dzi ƙwari ne masu rai da suke daskarewa idan aka jefa musu hula ko ƙasa, amma labari ba rasiɗi ba ne.

Akwai kuma doka. Ƙasar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi shekarar 1911. Indiya, a dokarta ta 1972, da Nefal, a tata ta 1956, suna ɗaukar abin da ya haura shekara 100 a matsayin kayan tarihi da ba a fita da shi haka kawai. Wato idan tsakiyar da ka saya a Lasa ko Katmandu tsohuwa ce da gaske, kana iya rasa ta a filin jirgi, idan kuma mai shago ya ce ka wuce da ita ba komai, wataƙila ya san abin da ya sayar maka. A nemi rasiɗi mai ɗauke da hoto da nauyi da tsawo da kalmar "tsohuwa" a rubuce, da sharaɗin mayarwa idan wani masani na dabam, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya duba ya ce ba haka ba. Sabuwar dzi mai kyau ba abin kunya ba ce idan an saye ta da sunanta da kuɗinta.

Idan ta shigo hannu, kulawarta ba ta da wahala. Ana wanke ta da ruwan ɗumi da burushi mai laushi, a busar da ƙyalle, ba a kai ta kusa da wuta ko ruwan zafi, ba a sa mata sinadarin wanke zinare, kuma ko kusa ba a ba wa mai gogewa ya ƙara mata sheƙi, domin fatar nan da ya kankare ita ce rabin kuɗinta. A ɗauki hotonta ta fuska huɗu da kai biyu, a rubuta nauyi da tsawo a ajiye tare da rasiɗin. Wajen shirya ta a zare, a guji waya da zaren kamun kifi, a yi amfani da zaren siliki ko na auduga mai kauri wanda ya cika hudar ba tare da an tura shi da ƙarfi ba, a ƙulla ƙulli a kowane kai don kada ta riƙa gwaruwa da maƙwabciyarta, kuma don idan zaren ya tsinke ita kaɗai za ta tsaya a wurinta. A riƙa duba zaren a daidai bakin hudar duk bayan 'yan watanni, a canza shi da zarar ya fara fitar da gashi.